Neman Binnanniyar Dukiya a Kan Hanyar Tsohon Mashigin Ruwa na Wadi Tumilat a Ƙasar Masar

1.0 GABATARWA

Duk wanda aka ambata wa mashigin ruwa a ƙasar Masar, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Mashigin Suwez, wanda aka buɗe a shekarar 1869. Amma tun kafin wannan da shekaru fiye da 2,000 akwai wani mashigin da ya haɗa Kogin Nilu da Bahar Maliya, wanda aka haƙa ya cike, aka sake haƙawa ya sake cikewa, har zuwa ƙarni na 8 na Miladiyya, lokacin da aka toshe shi aka yi watsi da shi. Ruwa ya ƙafe, jirage sun daina wucewa, amma garuruwa da ɗakunan bauta da suka rayu a gaɓarsa sun bar kufai, kufan nan kuwa sun zama abin farautar mutane iri-iri.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi sawun waɗannan mafarauta, ta duba abin da suka tono da yadda suka tono shi, sa'an nan ta auna ribar da ilmin tarihi ya ci da hasarar da ya yi a hannunsu. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, darajar abin da aka tono a wurin masanin tarihi tana rataye ne da sanin inda aka same shi da abin da yake kwance tare da shi, kuma duk lokacin da aka raba kaya da makwancinsa, to, an zubar da rabin shaidarsa, ko da kuwa na zinariya ne.

Kafin a shiga bayani ya kamata a fayyace wasu kalmomi. In an ce mashigi ana nufin hanyar ruwa wadda mutane suka haƙa da hannunsu domin jirage su bi, watau abin da Larabawan Masar suka kira halij. In an ce tal ana nufin tudun da ya taru daga rusassun gine-ginen ƙasa, gari bisa gari, watau tudun kufai. Harufan K.M. kuwa suna nufin kafin Miladiyya.

2.0 HANYAR MASHIGIN DA MASU HAƘA SHI

Idan aka dubi taswirar Masar za a ga cewa daga arewacin Alƙahira Kogin Nilu ya rarrabu, ya yi rassa kafin ya faɗa Bahar Rum. Daga gefen gabas na wannan yanki mai dausayi, kusa da garin Zagazig na yanzu, akwai wani kwari da ya miƙe gabas cikin hamada, tsawonsa kimanin kilomita 50, har ya dangana da Tafkin Timsah inda garin Isma'iliyya yake. Wannan kwari shi ne Wadi Tumilat. Daga Timsah in aka juya kudu sai a tarar da wasu tafkuna masu ruwan zartsi, daga nan sai bakin Bahar Maliya a Suwez. A shekarun da Nilu ya yi babbar ambaliya ruwa yakan malala cikin kwarin da kansa, saboda haka aikin masu haƙa shi ne su zurfafa hanyar da ruwa ya riga ya nuna, su haɗa kwari da tafki, su haɗa tafki da teku.

Hirodotus, marubucin Girka wanda ya ziyarci Masar wajen tsakiyar ƙarni na 5 K.M., ya ce Fir'auna Neko na II (610-595 K.M.) shi ya fara aikin. A ƙaulinsa mashigin ya taso ne daga kusa da birnin Bubastis, tsawonsa tafiyar kwana 4 a jirgi, faɗinsa kuma ya isa jiragen yaƙi biyu su wuce a jere. Ya ce mutum 120,000 suka hallaka a wurin haƙar, adadin da masana suke ɗauka a matsayin alamar tsananin aikin kurum. Ya ƙara da cewa Neko ya dakatar da aikin ne domin bokaye sun gaya masa baƙo yake yi wa wahala. Baƙon kuwa ya zo, domin Farisawa sun ci Masar a 525 K.M., kuma sarkinsu Dariyus na I (522-486 K.M.) shi ya kammala mashigin. Ya kakkafa manyan duwatsu na tunawa a kan tuddan da ke duban ruwa, guda 4 aka sani, an rubuta su da tsohon Farisanci da Ilamanci da Babilanci da kuma rubutun zane na Masarawa. A cikinsu yana shelar cewa shi ya yi umurni a haƙa hanyar daga Nilu zuwa tekun da ke kai wa Farisa, kuma jirage sun bi ta sun isa can.

Bayan Farisawa mashigin ya cike. Sarki Batlamus na II, ɗaya daga cikin sarakunan Girkawa da suka gaji Iskandari a Masar, ya sake haƙa shi wajen 270 K.M., marubuci Diyodorus kuma ya ce an yi masa wata ƙofa ta hikima wadda ake buɗewa in jirgi zai wuce a mayar a rufe. Sarkin Rum Tarajan (98-117) ya sake raya shi, amma ya ɗauke bakinsa daga wajen Bubastis ya kai shi kudu, gindin ganuwar Babilun, inda ake kira Tsohuwar Alƙahira yanzu.

Haƙa ta ƙarshe ta faru a farkon Musulunci. A shekara ta 18 ta Hijira (639) an yi matsanancin fari a Hijaz, wanda aka sani da Shekarar Toka. Bayan da Amru ɗan Asi ya ci Masar ya kafa Fusɗaɗ kusa da ganuwar Babilun, sai Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya umurce shi da ya share tsohon mashigin domin a riƙa kai hatsin Masar Madina ta ruwa. Marubutan tarihin Masar sun ruwaito cewa an gama aikin kafin shekara ta zagayo, jiragen alkama suka riƙa sauka daga Fusɗaɗ zuwa Ƙulzum, watau Suwez, su tsallaka zuwa Jar, tashar jiragen Madina. Daga nan ya sami sunan Halij Amirul Muminina.

3.0 DALILAN MUTUWARSA

Abin tambaya shi ne, me ya sa aikin da manyan dauloli suka yi ta zuba wa ƙarfi bai taɓa ɗorewa ba? Ruwan mashigin daga Nilu yake, Nilu kuwa yana tafe da laka, iskar hamada kuma tana zuba yashi, saboda haka in aka yi 'yan shekaru ba a yashe shi ba sai ya toshe. Har wa yau, a zamanin Rumawa da na Musulmi jirage suna samun isasshen ruwa ne a watannin cikar kogi kaɗai. Ban da wannan, a arewacin Bahar Maliya iskar arewa ce take kaɗawa yawancin shekara, ga duwatsun ƙarƙashin ruwa, don haka jirgin filafilai yana jin daɗin fita daga Suwez zuwa kudu, amma komowa wahala ce. Wannan ya sa fataken Indiya a zamanin Girkawa da Rumawa suka fi son sauke kaya a tashoshin kudu irin su Barnis, su ɗora wa raƙuma zuwa Ƙifɗ a bakin Nilu. Mashigin ya fi dacewa da kaya mai nauyi mai fita, irin hatsi, kuma ba ya rayuwa sai da hukuma mai ƙarfi wadda take da bukatarsa.

Hukuma ce kuma ta kashe shi. A shekara ta 145 ta Hijira (762) Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Nafsuz Zakiyya, ya yi wa Abbasiyawa tawaye a Madina. Marubuta sun ce Halifa Mansur ya sa aka toshe mashigin domin a yanke wa Madina abinci, wasu kuma suna ba da shekarar 767 a matsayin lokacin toshewar. Guntun da ke cikin Alƙahira ya ci gaba da shayar da birnin, ana bikin fasa madatsarsa kowace shekara in kogi ya cika, har ƙarshen shekarun 1890 da aka cike shi aka shimfiɗa hanyar taragu, inda Titin Bur Sa'id yake yanzu. Sauran hanyar kuwa, daga Wadi Tumilat zuwa Suwez, ta koma gaɓoɓi biyu na busasshiyar ƙasa da tuddan kufai jefi-jefi.

4.0 MASU MAƊALIB DA MASU ƊIBAR TAKI

Neman binnanniyar dukiya tsohuwar sana'a ce a Masar, har tana da suna da shugabanni. Wuraren da ake zaton akwai taska ana kiransu maɗalib, masu bin su kuma as'habul maɗalib. An ruwaito cewa Ahmadu ɗan Ɗulun, wanda ya mulki Masar daga 868 zuwa 884, da wata taska da ya samu ya gina shahararren masallacinsa. Matafiyin nan na Farisa, Nasiru Husrau, wanda ya iso Alƙahira a 1047, ya tarar masu wannan sana'a suna da amiri nasu, mutane suna zuwa daga Magrib da Sham suna kashe dukiyarsu a wurin haƙa, wanda ya dace kuma yana ba sarki humusi.

Wannan humusi yana da tushe a fiƙihu. Abin da mutanen Jahiliyya suka binne shi ake kira rikazi, hukuncinsa kuwa a fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Malaman Malikiyya sun yi tafsili a kan sauran kashi huɗun gwargwadon matsayin ƙasar da aka same shi a ciki, Shaihu Halil kuma a cikin Muhtasar ya nuna cewa makaruhi ne a tone kabarin Jahiliyya domin neman dukiya. Abin lura a nan shi ne, tambayar da fiƙihu ya amsa ita ce ta mallaka, watau wane ne mai abin da aka samu. Tambayar masanin tarihi, watau me abin yake shaidawa, ba ta riga ta zama abin shari'a ba a wancan zamani.

Duk da haka an sami malamai da suka ƙyamaci sana'ar. Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar wajen 1200, ya koka da yadda masu kwaɗayi suke farfasa gumaka da duwatsu suna zaton akwai zinariya a cikinsu. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya ware fasali guda ya nuna cewa neman arziki ta wannan hanya ya saɓa wa ɗabi'ar neman abinci, ya kuma bayyana yadda 'yan damfara suke yawo da tsofaffin takardu na jabu masu ɗauke da kwatance da ɗalasimai suna cin kuɗin mawadata. Irin waɗannan takardu sun taru sun zama littattafai, mafi shahara a cikinsu shi ne Durrul Maknuz, wanda masanin kayan tarihi Ahmad Kamal ya buga a Alƙahira a 1907.

Akwai kuma wasu masu tono waɗanda ba taska ta kawo su ba. Tubalin ƙasa da toka da shara na tsofaffin garuruwa in sun daɗe sukan zama taki mai ƙarfi, wanda Masarawa suke kira sabah, kamar dai yadda manomi yake ɗibar juji ya kai gona. A ƙarni na 19, da noman auduga da na rani suka bunƙasa, manoma sun kwashe tuddan kufai masu yawa a yankin rassan Nilu, duk abin da suka ci karo da shi mai kyan gani kuma sai ya bi ta hannun dillalai zuwa kasuwar Alƙahira. Tudun Bubastis, wanda ake kira Tal Basɗa, ya sha wannan ɗiba ƙwarai.

5.0 ZUWAN TURAWA

A ƙarshen Disamba 1798 Napoliyon, wanda ya mamaye Masar a wannan shekara, ya je Suwez tare da wasu masana, suka ga gaɓoɓin tsohon mashigin a arewacin garin suka bi su a kan dawaki. Ya sa injiniya Le Père ya auna ƙasar, shi kuwa ya yi kuskuren lissafi ya ce Bahar Maliya ta fi Bahar Rum tudu da kusan mita 10. Sai a 1847 sabon awo ya nuna cewa tekunan biyu kusan daidai suke, abin da ya share fagen haƙa Mashigin Suwez daga 1859 zuwa 1869. Da yake ma'aikatan wannan aiki suna bukatar ruwan sha, tsakanin 1861 da 1863 an haƙa wata hanyar ruwan daɗi wadda ta ratsa Wadi Tumilat zuwa Timsah ta gangara Suwez, a wurare da yawa tana bin sawun tsohon mashigin. Ta haka dubban masu diga da shebur suka sauka a kan kufan da suka yi shekara 1,000 ba mai kula da su. A 1866 Charles de Lesseps, ɗan shugaban kamfanin haƙar, ya tono gutsattsarin ɗaya daga cikin duwatsun Dariyus a wajen Shaluf.

Kimanin kilomita 15 yamma da Isma'iliyya akwai wani tudu mai suna Tal al-Mashuɗa. Sunan ya samo asali ne daga wani dutse da aka sassaƙa siffar Fir'auna Ramsis na II a tsakanin gumaka biyu, domin a bakin talakawan Masar mashuɗ shi ne wanda aka yi fushi da shi aka mayar da shi dutse. Injiniyoyin Faransa sun tono wasu gumakan a nan suka kwashe su zuwa Isma'iliyya domin ƙawata gari. A 1882, shekarar da sojan Ingila suka ci rundunar Ahmad Urabi a Tal al-Kabir cikin wannan kwari, aka kafa wata ƙungiya a Landan mai suna Asusun Binciken Masar bisa jagorancin Amelia Edwards. Babban burin masu ba ta kuɗi shi ne a gano hanyar da Bani Isra'ila suka bi suka fita Masar. Attaura ta ambaci biranen ajiya biyu da suka gina wa Fir'auna, Fitom da Ramsis, saboda haka a farkon 1883 aka tura Edouard Naville, mutumin Suwizalan, ya fara haƙa a Tal al-Mashuɗa.

Cikin 'yan makonni Naville ya sami rubuce-rubuce masu ambaton Fer-Atum, watau Gidan gunki Atum, ya sami dutsen da Batlamus na II ya rubuta labarin haƙa mashigin, ya kuma tarar da wasu ɗakuna na tubali masu kaurin bango marasa ƙofa. Nan take ya yanke cewa wannan shi ne Fitom, ɗakunan kuma su ne rumbunan da Bani Isra'ila suka gina a zamanin Ramsis na II. Ya buga littafinsa a kan haka a 1885, aka kai biyu daga cikin sassaƙe-sassaƙen da ya tono gidan tarihi na Biritaniya a Landan. Naville masani ne na gaske a fannin karanta rubutun Masar, amma tsarin haƙarsa bai yi nisa da na masu maɗalib ba, domin ya zo da abin da yake nema a ransa, ya ɗauki rubutu da gunki, ya bar tsingaro da jerin shimfiɗun ƙasa ba tare da ya rubuta su ba. Za mu ga abin da wannan ya jawo a sashe na 7.

6.0 TASKOKI BIYU: 1906 DA 1947

Manyan taskoki biyu da suka fito daga wannan hanya duk ba masana ne suka tono su ba. Ta farko ta bayyana a 1906 a Tal Basɗa, lokacin da lebura suke aikin hanyar jirgin ƙasa kusa da Zagazig. Sun ci karo da tarin kwanoni da butoci na zinariya da azurfa, suka rarraba a tsakaninsu. Hukumar kayan tarihi ta ƙwato wasu, bayan 'yan makonni kuma ma'aikatanta suka sami tari na biyu a kusa da wurin. A cikin kayan akwai butar azurfa mai mariƙin zinariya a siffar akuya, akwai masu ɗauke da sunan Ramsis na II da na Sarauniya Tawosret, watau sun girmi mashigin Neko da shekaru kusan 600. Wani kaso yana gidan tarihi na Alƙahira, wani ya bi ta hannun dillalai ya isa Niyok da Balin. Da yake tarin farko an watsa shi kafin wani masani ya gan shi a makwancinsa, har yanzu ana muhawara a kan ko kayan ɗakin bauta ne aka ɓoye ko kuwa jarin wani maƙerin farfaru ne.

Taska ta biyu ita ce ta fi shafar tarihin mashigin. Wajen 1947 aka tono ɗimbin kuɗin azurfa a Tal al-Mashuɗa, irin na birnin Atina mai hoton mujiya, na asali da na kwaikwayo. Masu nazarin tsofaffin kuɗi sun ƙiyasta cewa sun haura 6,000. Da yake nauyin kowane ɗaya ya kai kimanin giram 17, azurfar ta wuce kilo 100. Kuɗin sun watsu a kasuwa, masana suka riƙa bin su kashi-kashi a hannun dillalai da masu tara kayan da. A cikin shekarun 1950 kuma gidan tarihi na Burukilin a Niyok ya sayi wasu kwanonin azurfa waɗanda aka ce daga wannan tudu suka fito, 4 daga cikinsu suna da rubutun Aramiyanci, Isaac Rabinowitz ya buga nazarinsu a 1956 da 1959.

Rubutun ya nuna cewa kwanonin baiko ne da aka kai wa wata gunkiya mai suna Han-Ilat, wadda masana suka daidaita da Lata da Larabawan Jahiliyya suka bauta wa. Ɗaya daga cikin masu baikon shi ne Ƙainu ɗan Gashmu, sarkin Ƙedar, wata babbar ƙabilar Larabawan arewa. Masana da yawa suna ganin Gashmu ɗin nan shi ne Geshem Balarabe wanda littafin Nehemiya ya ambata a cikin abokan hamayyar sake gina ganuwar Ƙudus wajen 445 K.M. Wannan ya sa ake ajiye kwanonin a wajen 400 K.M. Hirodotus ya riga ya faɗi cewa sarkin Larabawa ne ya shayar da rundunar Farisa ruwa lokacin da ta ƙetare hamada zuwa Masar a 525 K.M. In aka haɗa wannan da kwanonin sai a ga alamar cewa a zamanin Farisawa akwai Larabawa a bakin mashigin, da ɗakin bautarsu, da alaƙa da sarautar da ta miƙe har kudancin Falasɗinu, fiye da shekara 1,000 kafin zuwan Amru ɗan Asi.

Wannan shaida ce babba, amma a dubi abin da ya salwanta. Babu wanda ya rubuta a wane gini aka sami kwanonin, ko a wane zurfi, ko da kuɗin suke tare ko dabam. Danganta su da Tal al-Mashuɗa ma a kan maganar 'yan kasuwa ta tsaya. Da an ga kuɗin duka a wuri guda, da mafi sabunta a cikinsu ya nuna lokacin da aka binne tarin, daga nan a gane ko wane tashin hankali ne ya sa masu shi suka ɓoye shi ba su komo ba. Masu tonon sun sami kuɗin azurfa, masu saye sun sami abin nuni, tarihin ɗakin bautar kuwa ya tafi, an yi garin neman gira an rasa ido.

7.0 SHAIDAR TSINGARO

Tun a 1918 Alan Gardiner ya yi shakkar hukuncin Naville, ya karkata ga cewa Fitom na Attaura shi ne Tal ar-Raɗaba, wani tudu da ke yamma a cikin kwarin, inda Flinders Petrie ya haƙa ya sami ginin zamanin Ramsis. Amma hujja yankakkiya ba ta samu ba sai tsakanin 1978 da 1985, lokacin da ayarin Jami'ar Toronto ta Kanada a ƙarƙashin John Holladay ya yi aiki a Tal al-Mashuɗa. Tsarinsu shi ne a bi ƙasa shimfiɗa bayan shimfiɗa, a tattara tsingaron kowace shimfiɗa dabam, domin siffar tukwane tana sakewa daga zamani zuwa zamani, kuma ba wanda yake ɗaukar fasasshiyar tukunya daga wani gari ya kai wani.

Sakamakon ya nuna cewa an zauna a wurin wajen ƙarni na 17 K.M., zamanin baƙin nan daga Asiya da ake kira Hiksos, sa'an nan aka tashi, wurin ya zama kango na kusan shekara 1,000. Ba a sami tukwanen zamanin Ramsis na II (1279-1213 K.M.) ba. Sabon gari mai ganuwa ya tashi ne wajen 610 K.M., watau daidai hawan Neko na II. Ashe gumakan Ramsis da suka ruɗi Naville ɗauko su aka yi daga wani wuri domin ƙawata sabon garin, kamar dai yadda injiniyoyin Faransa suka sake ɗauke wasunsu zuwa Isma'iliyya. Ɗakunan da ya kira rumbunan Bani Isra'ila kuma gini ne na zamanin da ya biyo bayan kafa garin. Har ila yau an sami tulunan da aka shigo da su daga Finikiya da ƙasar Girka, an kuma ga garin yana bunƙasa a lokutan da mashigin yake aiki, yana ja da baya in ya toshe.

Ta nan za a ga cewa tsingaro, wanda ba dillalin da zai taya shi ko anini, shi ya gaskata Hirodotus a kan cewa aikin mashigin ya faro ne a zamanin Neko, shi ya kuma warware kuskuren da ya yi kusan shekara 100 ana maimaitawa a littattafai.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta bi tarihin mashigin Wadi Tumilat daga Neko zuwa Mansur, ta kuma nuna irin mutanen da suka tona kufansa: masu maɗalib, masu ɗibar taki, lebura, masu neman tabbatar da ruwayar Attaura, da masu bin shimfiɗun ƙasa. Kowannensu ya fito da wani abu, amma gwargwadon yadda aka kiyaye makwancin abin, gwargwadon amfaninsa ga tarihi.

Dokoki sun bi wannan fahimta sannu a hankali. Muhammadu Ali ya hana fitar da kayan tarihi a 1835, an kafa hukumar kula da su a 1858, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta nemi ƙasashe su hana fataucinsu ta ɓarauniyar hanya, dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 kuma ta mayar da su mallakar jama'a ta soke cinikinsu. Duk da haka, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna yadda ramukan masu tono suka yawaita a kufan Masar bayan rikicin 2011, abin da yake nuna cewa doka kaɗai ba ta isa ba muddin akwai matalauci mai diga da mawadaci mai saye.

Mu ma a nan muna da kwatankwacin wannan. Ma'aikatan kuza ne suka fara cin karo da sassaƙen Nok a 1928, haƙar da Bernard Fagg ya yi a Taruga cikin shekarun 1960 ita ta nuna alaƙarsu da narkar da tama, tonon ɓoye na shekarun 1990 kuma ya watsa da yawa daga cikinsu ƙasashen waje ba tare da an san makwancinsu ba. Saboda haka shawarar wannan takarda ga malaman tarihi, musamman na kwalejojin horon malamai, ita ce a riƙa kai ɗalibai kufan da ke kusa da su, a koya musu rubuta wuri da zurfi da abin da ke kewaye kafin a taɓa kome, a kuma nuna musu hanyar sanar da hukumar gidajen tarihi in an yi tsintuwa. Waɗannan ɗalibai su ne za su koma ƙauyuka su koyar, su ne kuma manomi zai fara nuna wa abin da garmarsa ta tono.